Rigimar giyar mota da makanikai: me ya sa mai mota ke kwana ciki?

A Kara ta bakin Berger na tashi, ina bin mahaifina wajen cinikin shanu. A can ba a sallama ko ɗan maraƙi sai da dillali da shaidu. Amma abin mamaki, mu ɗin nan ne za mu miƙa wa makanike mukullin motar miliyoyi, mu ce "duba min giya", mu juya. Daga nan rigima ke farawa.

Bara abin ya faɗa kanmu. Siennar Baba ta fara fizga idan za ta canja giya, wani lokaci inji ya yi ta ƙugi mota ba ta ja. Makanike ya ce giyabos ya tafi, sai dai a sayo tokumbo. Aka sayo, kuɗin ya kai na bijimi mai kyau. Sati 3 ciwo ya dawo. Makanike ya ce laifin mai kaya ne, mai kaya ya ce kwanakin gwajin da ya bayar sun wuce, Baba kuma ya ce an haɗa baki an cuce shi. Sai da wani makaniken ya zaro sandar awon man giya muka ga man ya koma kamar kunu. Ashe lagireto ne ya fashe ta ciki.

Ga yadda abin yake. A yawancin motoci masu giyar otomatik, man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Idan bututun ya tsage, ruwa ya shiga man, ya lalata faifan kulochin da ke cikin giya. Ko giyabos goma za ka sa, in ba a canja lagireton ba, duk haka za su mutu. Wato an yi maganin ciwo ba a nemi sanadinsa ba.

Sanadi na biyu shi ne man da bai dace ba. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota kaɗai tana da T-IV da WS, Honda tana da DW-1, motocin Nissan masu giyar CVT kuma NS-2 ko NS-3 suke sha. A wasu motocin an rubuta irin man a jikin sandar awo, wasu kuma sai a littafin mota. Sai ruwan damina: wanda ya kutsa ambaliyar Legas da mota, ruwa na iya shiga giya ta kafar shan iskarta. Haka kuma jan motar otomatik da igiya tafiya mai nisa, tayoyin da giya ke juyawa suna ƙasa, yana ƙona ta, domin famfon man ba ya aiki in inji a kashe yake. Gara ka biya janwe. Wani lokacin ma giyar lafiyarta ƙalau, sansa ce ko waya ta samu matsala, abin da kwamfuta za ta nuna cikin mintoci.

To me ya sa maganar ke zama faɗa? Saboda mutum uku ne a ciki: mai mota, mai gyara, da mai sayar da kaya. Sau da yawa Bahaushe, Bayarabe da ɗan Ibo, ana ciniki da broka, kowa da abin da ya fahimta. Giyabos ɗin tokumbo kuwa, ko a Ladipo ka saye shi ko a ina, tsohon kaya ne, ba ka ganin cikinsa. Abin da kawai ka riƙe shi ne kwanakin gwaji, su kuma daga ranar saye wasu ke fara ƙirga su, ba daga ranar ɗaurawa ba.

Don haka kafin a kwance ko noti ɗaya, ka sa a jona kwamfuta, ka ɗauki hoton abin da ta nuna. Ka duba man da idonka: ja mai tsabta lafiya, baƙi mai ƙauri ya ƙone, mai kama da kunu ruwa ya shiga. Ka nemi ra'ayin makanike na biyu. In za a sayi kaya, ka je da kanka ko ka tura ɗanka, a ba ku rasit da lambar giyabos da kwanakin gwaji a rubuce. Ku raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, ku yi magana a kan wanda zai biya kwancewa in kayan bai yi ba. Ka karɓi tsohon giyabos ɗinka. Ko saƙon murya na WhatsApp shaida ne.

In rigima ta riga ta tashi, kada ka fara da 'yan sanda, kuma kada ka kwaso 'yan uwa a je gareji. Mu baƙi ne a nan, ƙaramar hayaniya kan iya komawa faɗan ƙabilanci. Yawancin garejoji suna da shugaba, da yawa kuma suna ƙarƙashin ƙungiyar makanikai ta NATA. Ka je da wakilin Sarkin Hausawan unguwarku a zauna. In abin ya gagara, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, jihar Legas kuma tana da tata, LASCOPA. Tun 2018 ma Legas ta buɗe sashen ƙananan ƙararrakin kuɗi a kotunan majistare, inda ba dole sai da lauya ba. Amma duk inda ka je, takarda za a fara tambayarka.

Mu dai a gaban shugaban garejin aka kashe tamu. Makanike ya amsa cewa bai duba lagireto ba, ya yafe kuɗin aiki, ya sake ɗaurawa kyauta. Kuɗin giyabos kuwa ya bi ruwa, don ba mu da ko guntun rasit. A hanyar gida Baba ya ce min, "Da saniya ce, ai da sai na buɗe bakinta na duba haƙora." Allah Ya tsare mana dukiyarmu.