Mota Ta Kwana Waje: Yadda Gareji Ke Zama Gida a Kalifoniya

A shekarar 1987 jaridar Los Angeles Times ta gudanar da bincike, ta ƙiyasta cewa mutane kusan 200,000 ne ke kwana a gareji wajen 42,000 a gundumar Los Angeles. Yawancinsu baƙi 'yan ci-rani ne da ƙananan ma'aikata, kuma zaman nasu ya saɓa wa doka. Yau jihar Kalifoniya da kanta take zaburar da masu gidaje su mayar da garejinsu wurin zama. Abin da talaka ya fara a ɓoye saboda larura, shi hukuma ta dawo ta runguma bayan shekaru 30.

Babban dalili shi ne tsadar muhalli. An daɗe ana keɓe mafi yawan filayen unguwanni ga gida ɗaya na iyali ɗaya, jama'a na ƙaruwa, gine-gine ba sa ƙaruwa daidai da su, kuɗin haya ya yi ta hauhawa. A gefe guda kuma garejin ya daina aikinsa. Wani nazari da masana jami'ar UCLA suka wallafa a 2012 kan iyalai 32 ya gano kashi uku cikin huɗu na garejinsu ba su da wurin mota, tarkace ya cinye. Ɗaki mai bango da rufi da wutar lantarki, a tsakiyar garin da mutane ke kwana a titi, yana ajiye da kwalaye da tsofaffin kekuna.

Doka ce ta buɗe ƙofar. Tun 1982 jihar ke da dokar da ta yarda da ƙaramin gida na biyu a fili ɗaya, amma ƙananan hukumomi suka yi ta gindaya sharuɗɗa har ta zama ba ta da amfani. Dokokin 2016 da na 2019 ne suka karɓe wannan iko daga hannunsu. Yanzu wanda ya mayar da gareji ɗaki ba a tilasta masa samar da wani wurin ajiye mota, dole a yanke hukunci kan takardar neman izini cikin kwana 60, kuma an yafe wasu kuɗaɗen hukuma ga ginin da bai kai murabba'in mita 70 ba. Izinin da ake bayarwa na irin waɗannan ƙananan gidaje ya tashi daga dubu ɗaya da 'yan kai a 2016 zuwa sama da 20,000 a shekara, har suka kai kusan ɗaya cikin biyar na sababbin gidajen jihar.

Amfanin a fili yake. Tsohuwa tana zama kusa da 'ya'yanta, saurayin da ya gama makaranta yana samun wurin kansa ba tare da ya bar gida ba, kamar dai shagon samari a ƙofar gidan Bahaushe, mai gida kuma yana rage bashin banki da kuɗin haya. Maƙwabta na ƙorafin motoci sun cika bakin titi, kuma ba ƙarya suke yi ba, sai dai da yawan motocin nan dama a waje suke kwana.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Gareji ba don mutum aka gina shi ba. Daɓensa siminti ne da ke jawo danshi, bangonsa ba ya tare sanyi ko zafi, ba shi da bayan gida, ba shi da tagar da mutum zai tsira ta ciki idan gobara ta tashi. Kafin ya cika sharaɗi sai an fasa ƙasa an shimfiɗa bututun ruwa da na bahaya, an sake wayoyin lantarki, an toshe babbar ƙofa da bango. Wani binciken jami'ar Berkeley na 2021 ya nuna matsakaicin kuɗin gina irin wannan ƙaramin gida ya kai dala 150,000. Gyaran gareji yakan fi sabon gini sauƙi, amma duk da haka ba aikin mai ƙaramin ƙarfi ba ne. Wanda ya kashe wannan kuɗi kuwa zai nemi ya fanshe a haya, ko ya ajiye ɗakin don danginsa da baƙinsa. Ke nan ba kowane izini ne ke zama gida ga mai neman haya ba.

Su kuwa dubban garejin da aka gyara a ɓoye suna nan. Mai haya a ciki ba ya iya kai ƙara kan yoyo ko wayar wuta, domin in jami'ai suka zo, shi za a fara fitarwa. A 2024 jihar ta yi dokar da ta sauƙaƙa halatta waɗanda aka gina kafin 2020, matuƙar an gyara abin da ke barazana ga lafiya da rai. A ganina wannan doka ta fi duk na baya muhimmanci ga talaka, amma ba za ta yi tasiri ba sai an haɗa ta da rance mai sauƙi ga masu gidajen da ba su da kuɗin gyara.