Tsakanin Jiki da Jiki: Yadda Ake Adana Mahaifa Kafin a Dasa Ta

A watan Satumba na 2016 wata mata 'yar shekara 45 ta rasu a ƙasar Barazil sakamakon fashewar jijiyar jini a ka. Uwa ce mai 'ya'ya uku. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Sao Paulo suka cire mahaifarta, suka dasa wa wata 'yar shekara 32 wadda aka haifa ba ta da mahaifa. Ranar 15 ga Disamba 2017 wannan baiwar Allah ta haifi 'ya mace mai nauyin kilo biyu da rabi, jaririya ta farko a duniya da ta fito daga mahaifar da aka ɗauko a jikin mamaciya. Jaridu sun yi ta yayata haihuwar. Abin da ba su tsaya a kansa ba shi ne awa 7 da minti 50 da mahaifar ta yi babu jini a cikinta, kuma a nan gizo ke saƙa.

Da yawa suna zaton akwai ɗakin ajiya da ake jera sassan jiki ana jiran mai bukata. Babu. Da zarar an datse jini daga wani sashe na jiki, ya fara mutuwa ke nan. Ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi naman suna rayuwa ne da iskar oksijin da jini ke kawo musu. Idan ta yanke, ɗan ƙarfin da suka tara yakan ƙare nan da nan, gishiri da ruwa su kwararo cikinsu, su kumbura, tsami ya taru, daga nan sai lalacewa. Likita ba shi da ikon tsayar da wannan, iyakarsa ya rage masa gudu.

Makaminsa sanyi ne. Duk saukar zafi da digiri 10 yana rage aikin ƙwayoyin halitta da kusan rabi, don haka a digiri 4 naman yakan koma yana bukatar wajen kashi ɗaya cikin goma na abin da ya saba ci. Sai dai ba a bari ya daskare. Wanda ya taɓa fito da tumatir daga firiza ya bar shi ya narke ya san dalili: ƙanƙarar da ta fito a cikinsa ta tsattsaga shi, sai ya zube ya zama ruwa-ruwa.

Ga yadda aikin yake a ɗakin tiyata. Ana fito da mahaifar, sai a miƙa ta ga wasu likitoci da ke jira a wani teburi na gefe, gabansu tasa cike da ruwan sanyi da dagargajajjiyar ƙanƙara. Mahaifar macen da ba ta da ciki ba ta wuce dunƙulen hannu ba. Za su zura siririn bututu a cikin jijiyoyin da ke kai mata jini, ɗaya dama ɗaya hagu, su riƙa tura wani ruwa na musamman a hankali. Da farko abin da ke fitowa ta jijiyoyin da ke mayar da jini ja ne wur, sannan ya yi fatsi-fatsi, har ya koma garau, naman kuma ya yi fari fat. A lokacin ne suke duba inda yake yoyo su ɗaure. Idan tafiya za a yi da ita, a sa ta cikin leda mai ɗauke da ruwan, a ƙara leda a kan leda, a binne a cikin kula mai ƙanƙara, a rubuta lokaci.

Ruwan nan yana da tarihinsa. Folkert Belzer da James Southard na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun haɗa wani a shekarun 1980, wanda ya tsawaita lokacin ajiyar hanta ƙwarai. Akwai kuma HTK, haɗin Jamus, wanda likitocin Suwidin suka yi aiki da shi a dashen mahaifa. Aikinsu ɗaya ne: su wanke jini kada ya yi guda a cikin ƙananan jijiyoyi, su hana kumburi, su rage tsamin. Abin lura, dukansu saboda wasu sassan aka ƙirƙiro su. Mahaifa aro take yi.

Duk da wannan hidima, zuciya ba ta son wuce awa 4 zuwa 6 a cikin sanyi, ƙoda takan jure yini guda har da ɗoriya. Ita mahaifa alamu sun nuna tana da dauriya, amma ba a tsayar mata da iyaka ba tukuna. A wani gwaji da aka yi a Suwidin, ɓerayen da aka dasa wa mahaifar da ta kwana awa 24 a sanyi sun ɗauki ciki sun haihu, wadda ta yi awa 48 kuwa ta lalace. Ɓera dai ɓera ne, babu likitan da zai yi caca da mace a kan wannan.

Wani abin mamaki shi ne, ɓarna mai yawa takan auku ne a daidai lokacin da jini ya dawo. Oksijin ya tarar da naman da ya galabaita, sai wasu sinadarai masu ƙuna su tashi, bangon jijiyoyi ya kumbura, jini ya fara guda. Iya daɗewar rashin jinin, iya tsananin wannan. Haka kuma lokacin da ake ɗinke jijiyoyi a cikin jikin mai karɓa ya fi lokacin ƙanƙara haɗari, domin naman ya fara ɗumi alhali jini bai iso ba. A aikin Sao Paulo awa 6 da minti 20 ne na sanyi, ragowar awa ɗaya da rabi na ɗumi.

To me ya sa ake wahala da mamata, tunda ana samu daga masu rai? Lallai ta hanyar masu rai aka fara. Dashen farko a zamaninmu a Jidda aka yi shi a shekarar 2000, ƙarƙashin Dokta Wafa Fageeh, ga wata 'yar shekara 26 da aka cire wa mahaifa saboda zubar jini bayan haihuwa; bayan kwana 99 jijiyoyin suka toshe, dole aka cire ta. Haihuwar farko kuma a Gothenburg ta Suwidin aka samu a 2014, a hannun Farfesa Mats Brännström da abokan aikinsa, daga mahaifar wata 'yar shekara 61. Idan mai bayarwa na da rai, ajiya ba ta da wuya: ɗakuna biyu ne kusa da juna, an tsara rana, an yi duk gwaje-gwaje. Amma ita mai bayarwar ce ke ɗaukar nauyin. A ayyukan farko na Suwidin an shafe fiye da awa 10 ana yi wa mace mai ƙoshin lafiya tiyata, saboda jijiyoyin mahaifa sun cuɗanya da bututun fitsari, kuskure kaɗan sai rauni. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar a dage wajen gyara hanyar ajiya, domin daga mamaciya babu wadda za a jefa cikin haɗari, ga shi ana samun jijiyoyi masu tsawo da faɗi da suka fi sauƙin ɗinki.

Sai dai mamaciya ba da mahaifa kaɗai take zuwa ba. Akwai masu jiran zuciyarta, da hantarta, da ƙodarta, waɗanda rayuwarsu ta rataya a kai. Rashin mahaifa ba ya kisa, saboda haka ba a yarda cire ta ya kawo wa sauran cikas ba. Ga kuma ƙarancin lokacin bincike. Ana cire mahaifa ne tare da ɗan saman farji, wurin da ba ya rabo da ƙwayoyin cuta. A 2016 asibitin Cleveland Clinic ya yi dashen farko a Amurka daga mamaciya, amma cikin mako biyu aka cire saboda ƙwayar cutar Candida ta kama jijiya. Sanyi ba ya kashe irin waɗannan ƙwayoyi, lafawa kawai suke yi.

Mai karatu na iya tambayar ɗan wa za a haifa. Ba a dasa ƙwan mace tare da mahaifar. Tun kafin tiyata ake haɗa ƙwan mai karɓa da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a daskarar, daga baya a sa a cikin sabuwar mahaifar. A kan wannan bambanci ne Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1990, ta haramta dashen ƙwai da na maraina saboda suna ɗauke da gadon halitta, ta halatta sassan ciki da ba sa ɗauke da shi idan akwai larura. A ƙasar Hausa matan da suka rasa mahaifa ta dalilin doguwar naƙuda ko zubar jini ba su da wuyar samu. Amma ko dashen ƙoda da Asibitin Malam Aminu Kano ya fara a 2002, daga masu rai ake karɓa, don haka maganar kula da ƙanƙara da jigila daga gari zuwa gari da sauran tafiya.

Akwai wata wahalar da ta keɓanta da mahaifa. Ƙoda takan fara fitar da fitsari tun mara lafiya na kan gadon tiyata, likita ya gane ajiyarsa ta yi kyau. Mahaifa kuwa za ta yi ja idan jini ya shiga, shi ke nan sai jira. Matar Sao Paulo ta ga al'ada bayan kwana 37, aka sa mata ɗan tayi bayan wata 7. Wannan jiran ne ya sa masu bincike suka karkata ga na'urorin da ke tura ruwa ko jini mai oksijin a cikin sashen jiki tun yana waje, irin waɗanda tuni ake aiki da su a kan ƙoda da hanta da zuciya. An gwada su a mahaifar dabbobi. Idan suka karɓu, likita zai iya auna gudun ruwan da sinadaran da naman ke fitarwa, ya san ko mahaifar za ta yi aiki tun bai tsaga cikin mai karɓa ba.