Ko Kun Sani? Saniya Kan Ɗauki Cutar Sankarar Jini Tana Kiwonta Garau

Saniyar da ake tatsar nononta a kawo Tudun Wadan Zariya tana iya ɗauke da ƙwayar cutar sankarar jinin shanu tsawon rayuwarta, makiyayi bai ga wata alama ba. A 1969 aka gano ƙwayar, kuma ƙasa da kashi 5 cikin 100 na shanun da suka kamu ne ke yin ƙari.

Saboda haka sai an ɗebi jini a nemi garkuwar da jiki ya haɗa. Tsohon gwaji, AGID, yana da araha, amma sai an jira kwana biyu zuwa uku kafin siririn farin layi ya fito a faranti, kuma yakan tsallake saniyar da garkuwarta ba ta yi yawa ba. Gwajin ELISA ya fi shi kaifi, cikin sa'o'i yake ba da sakamako, har madara ana gwadawa da shi.

Duka biyun kan ruɗe a kan maraƙin da bai kai wata shida ba, domin garkuwar uwarsa da ya sha a dakashi suke gani.

Abin takaici, allura ɗaya da ake yi wa garke duka tana cikin manyan hanyoyin yaɗa cutar, ga shi ba ta da magani.