Kafin Tarwada Ta Hau Banda

A Jabo da Tambuwal da Kebbe, kifin da aka saba da shi na masunta ne, wanda ake kamowa a tafkin Romo da gulbin Zamfara. Yanzu tarwadar kiwo ta cika kasuwannin Arewa, ana renonta a tankin siminti ko na tamfol, a kwashe ɗaruruwa a rana guda. To, ta yaya ake kashe su?

Wata hanya da ta yaɗu ita ce a zuba su a baho, a watsa gishiri, a rufe. Su yi ta burgima har ƙarfinsu ya ƙare. Masu banda na son haka don yana cire yauƙi. Wasu kuma su bar su a tudu, alhali tarwada tana da wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iska da ita, sai ta shafe sa'o'i tana fama. Taurin ran da ya sa manoma ke son ta, shi ke tsawaita wahalarta.

Akan ce ai kifi ba ya jin zafi. Amma a 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a cibiyar Roslin ta Birtaniya sun gano jijiyoyin jin ciwo a fuskar kifi. Ƙasar Holan ta hana kashe kifin gwando da gishiri tun 2018, sai an sumar da shi tukuna. Mu kuwa muna da hujjar da ta riga waɗannan. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya kifi ba ya buƙatar yanka, amma hadisin Shaddadu ɗan Ausi a Sahihu Muslim ya umarci a kyautata ko da wajen kisa ne. Ɗauke yanka ba izinin azabtarwa ba ne.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A dakatar da abinci kwana guda kafin kwasa. A kwashe da sassafe, don a zafin Afrilu ruwan jarkar da ake ɗaukar su a ciki kan rasa iska nan da nan. A riƙe kifin da buhu, a buga masa kulki mai nauyi a tsakiyar kai, bugu ɗaya mai ƙarfi, domin ƙoƙon kan tarwada tauri gare shi, bugun wasa ƙarin azaba ne. Da zarar ya suma a yanke maƙogwaro, jini ya tsiyaye, sannan a sa gishirin a wanke yauƙi.

Mai sayarwa ma yana da riba: kifin da ya galabaita kafin ya mutu, namansa kan saki, ya kuma fi saurin lalacewa a faifai.