Fitilar da ke leƙa cikin fata

Da dare, ku kunna cocila, ku rufe bakinta da yatsunku. Me kuka gani? Yatsun sun yi ja wur. Ashe haske yana ratsa fata!

Likitocin fata suna amfani da wannan hali na haske. Suna da wata ƙaramar fitila haɗe da madubi mai ƙara girman abu sau 10. Sunanta darmatoskof. Likitocin birnin Munik na ƙasar Jamus ne suka fito da irin wadda ake riƙewa a hannu, a shekarar 1989.

Amma fata tana da ƙyalli, ƙyallin kuwa yana ɓoye abin da ke ƙasa. Shi ya sa likita yakan ɗiga mai a kan tabon, ya ɗora fitilar. Kun san yadda takarda take zama in mai ya taɓa ta. Sai ya hango launuka da ƙananan jijiyoyin jini. Tawadar Allah mai lafiya yawanci launinta ɗaya ne, gefenta daidai. Tabon sankara kuwa yakan yi launi barkatai, gefensa a karkace, yana ta girma.

Ga baƙar fata, likita yakan duba tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Zabiya kuwa, rana tana ƙona fatarsa, don haka ya kamata a riƙa duba shi a kai a kai.

Fitilar ba ta yanke hukunci. In likita ya yi shakka, sai ya yanki ɗan ƙanƙanin nama, ya aika a bincika.