Ciki Kafin Aure Tsakanin 'Yan Mata

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 'yan mata kusan miliyan 21 masu shekara 15 zuwa 19 ne ke ɗaukar ciki duk shekara a ƙasashe masu tasowa. Da yawansu matan aure ne, amma marasa auren sun fi shan wuya: ga ciki, ga abin kunya.

Talauci ne kan gaba wajen jefa yarinya cikin wannan hali. 'Yar tallar da ke yawo da faranti a tasha har bayan isha'i, an kuma gargaɗe ta kada ta dawo da kwantai, da wuya ta iya bijire wa wanda ya saye kayan duka. Haka 'yar aikatau. Akwai kuma fyaɗe, da mutuwar auren iyaye, da rashin mai yi mata bayanin balaga.

Illar farko daga ɓoyo take tasowa. Yarinyar kan ɗaure cikin da zane, ta ƙi zuwa awo, har hawan jini ya kai ta ga jijjiga. Wasu kan nufi masu zubar da ciki a asirce, jini ya ɓalle, a rasa rai. Doguwar naƙuda kuma, ga ƙugun da bai gama buɗewa ba, na jawo yoyon fitsari.

Karatunta kan tsaya nan, alhali namijin na ci gaba da harkarsa. Sai dai wasu ƙasashe sun fara gyara: Saliyo ta ɗage haramcin zuwan ɗalibai masu ciki makaranta a 2020, Tanzaniya kuma ta bai wa waɗanda suka haihu damar komawa aji a 2021.