Injiniya Ba Ɗan Aike Ba Ne

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, har da masu ilimi da mutunci, a duk lokacin da bene ya rufta ko gada ta karye. Sai ka ji an ce a ƙyale injiniya, ai shi ɗan aike ne. Mai gini ne ya ce a rage rodi, ɗan kwangila ne ya tsuke siminti, shugabannin kamfani ne suka ce a gaggauta, shi kuwa abin da aka sa shi ya yi. Wasu har su ɗora da karin magana, su ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A ganinsu aikin injiniya lissafi ne da zane, batun abin da ya dace da wanda bai dace ba kuma yana wuyan mai biya.

Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, domin ba haka kawai suke faɗa ba. Gaskiya ne kuɗi a hannun mai gini suke, kuma shi ke da ikon sallamar wanda ya ƙi jin maganarsa. Gaskiya ne aiki ya yi wuya, kuma injiniya ma yana da iyali, da kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara. Haka nan gine-gine da yawa da ke faɗuwa a garuruwanmu ba su taɓa ganin injiniya ba tun daga fandisho har rufi. Duk wannan na yarda da shi. Inda na rabu da su shi ne cewa biyayya ga mai biya tana wanke wanda ya sani.

Ɗan aike saƙo yake kaiwa, kuma sau da yawa bai san abin da ke cikin ambulan ba. Injiniya kuwa saboda saninsa aka kira shi. A wurin gini shi ne ya san nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka, ya san abin da zai faru idan aka ɗora hawa biyu a kan fandishon da aka lissafa wa hawa ɗaya, ya san cewa kankare ba ya kai cikakken ƙarfin da aka tsara masa sai bayan kwana 28. Mai gini bai san wannan ba. Leburan da ke ɗaukar kwanon kankare bai sani ba. Yaran da za su zauna a ajin da ke ƙarƙashin dakin ba su sani ba, kuma ba su da hanyar sani. Abin da ya tsaya tsakaninsu da halaka shi ne sa hannun mutum guda. Wannan sa hannu tamkar shaida ce a gaban alƙali: mai shaida ba zai ce ai wane ne ya biya ni na faɗi haka ba, kuma kowa ya san matsayin shaidar zur a addini da al'ada.

Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyoyin injiniyoyi a ƙasashe da dama suke sa tsaron rai da lafiyar jama'a a gaba da biyayya ga mai aiki. A Najeriya ma, hukumar COREN da aka kafa a 1970 tana yi wa mutum rajista ne da sunansa, hatimin da yake bugawa a kan zane nasa ne shi kaɗai, kuma ana iya ƙwace shi.

Kotu ma ba ta karɓar uzurin cewa umarni aka bi. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya dasa wata manhaja a motocinsa masu amfani da man dizal. Manhajar tana gane lokacin da ake gwada motar, sai ta rage gurɓataccen hayaƙi, idan kuma mota ta hau titi sai ta saki hayaƙin da a wasu motocin ya kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 ne a faɗin duniya ke ɗauke da ita. Manajoji ba su iya rubuta irin wannan manhaja da hannunsu ba, injiniyoyi ne suka zauna suka tsara ta. Ɗaya daga cikinsu, James Liang, ya amsa laifinsa, kuma a 2017 wata kotu a Detroit ta ɗaure shi wata 40, alhali ba shi ne shugaban kamfanin ba. Mutanen da suka shaƙi hayaƙin nan a titunan Turai da Amurka ba su sayi motar ba, ba su kuma sa hannu a wata yarjejeniya da kowa ba.

A nan ne nauyin injiniyan wannan zamani ya wuce garinsu, ya wuce ƙasarsu. Kamfanin Boeing ya ɗora wa jirginsa samfurin 737 MAX manyan injuna domin ya yi gogayya da Airbus, sai hakan ya sauya yadda jirgin ke ɗaga hanci a wasu yanayi. Aka magance matsalar da wata manhaja mai suna MCAS, wadda ke danna hancin jirgin ƙasa da kanta. Manhajar ta dogara da na'urar awo guda ɗaya tal, kuma ba a yi wa matuƙa bayaninta a littafin tuƙi ba. Ranar 29 ga Oktoba, 2018, jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indonesiya da mutum 189. Ranar 10 ga Maris, 2019, jirgin Ethiopian Airlines da ya tashi daga Adis Ababa zuwa Nairobi ya faɗi kusa da Bishoftu minti shida bayan tashinsa, mutum 157 suka rasu. A cikinsu akwai 'yan Najeriya, har da marubuci Farfesa Pius Adesanmi. Shawarar da aka yanke a ofisoshin kamfani a Amurka ita ta zama makoki a gidaje a Afirka da Asiya. Duk wanda ya karanci tsara na'urori ya san haɗarin rataya rayuka a kan na'urar awo guda. Sanin yana nan, abin da ya gaza shi ne bai rinjayi gaggawar kasuwa ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi ke kawowa ita ce: idan na ƙi, wani zai sa hannu, ni in rasa aiki, ginin kuma a yi shi yadda aka so. Wannan hujja tana da nauyi, kuma tarihi ya nuna hakan na faruwa. A daren 27 ga Janairu, 1986, injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, cikinsu har da Roger Boisjoly, sun ba da shawarar kada a harba kumbon Challenger, saboda sanyi zai sa zoben roba da ke toshe mahaɗar rokar ya ƙage. Boisjoly ya riga ya rubuta gargaɗi a kan wannan tun watan Yuli na 1985. A taron daren, wani babban manaja ya nemi shugaban sashen injiniyoyi ya cire hular injiniya ya sa ta manaja, aka sauya shawara. Washegari kumbon ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashinsa, 'yan sama-jannati bakwai suka mutu. Boisjoly ya faɗi gaskiya a gaban kwamitin bincike, abokan aiki suka juya masa baya, ya bar kamfanin.

To me ƙin nasa ya amfana? Ya amfana da yawa. Domin akwai takardarsa da shaidarsa, ba a iya cewa abin tsautsayi ne da ba wanda ya hango ba. An gano ainihin cutar, aka sake tsara mahaɗar rokar, kuma har yau ana karantar da labarinsa ga ɗaliban injiniyanci. Abin lura kuma shi ne, hujjar "wani zai sa hannu" tana aiki ne kawai muddin akwai wanin. Kowane injiniya da ya fake da ita, shi ne wanin da ɗan'uwansa yake tsoro.

Sai dai janye hannu shiru ma ba ya isa a koyaushe. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi, Legas, ya rufta, sama da mutum 40 suka mutu, har da mai ginin. Bayan haka jaridu suka wallafa wata wasiƙa ta watan Fabrairu na 2020, wadda a cikinta kamfanin injiniyoyin da ke duba ƙarfin ginin ya sanar da mai aikin cewa ya janye. Sun kyauta da suka ƙi ci gaba da abin da ba su gamsu da shi ba. Amma aiki ya ci gaba fiye da shekara ɗaya da rabi, leburori suna hawa suna sauka kullum. Darasin da nake gani shi ne, idan rayuka ne a kan layi, maganar injiniya ta wuce tsakaninsa da mai gini, ya kamata ta isa kunnen hukumar da ke da ikon rufe wurin, ita kuma hukumar ta ji.

Ba kullum tsayuwa kan gaskiya ke ƙarewa da asara ba. A 1978, injiniya William LeMessurier ya sake duba lissafin da ya yi wa benen Citicorp mai hawa 59 a birnin New York, bayan tambayar da ta fito daga wajen ɗalibai. Ya gano cewa an haɗa ƙarafan ginin da noti maimakon walda, kuma lissafinsa ya nuna masa iska mai ƙarfi da ta bugi ginin ta kusurwa za ta iya kayar da shi. An riga an gama gini, an biya shi, mutane sun tare, kuma ba wanda ya sani sai shi. Ya je da ƙafarsa ya gaya wa masu ginin, ya san sunansa da dukiyarsa na iya tafiya. Aka kwashe makonni ana walda da dare, ana ƙarfafa mahaɗa sama da 200 da farantai na ƙarfe. Ana sukar yadda aka ɓoye wa jama'ar unguwar labarin har zuwa 1995, kuma sukar tana da tushe. Duk da haka, mutumin bai rasa mutuncinsa ba, ƙaruwa ma ya yi.

Ba ina cewa injiniya shi kaɗai zai ɗauki laifin kowa ba. Mai ginin da ya kori masani ya ɗauko mai arha yana da nasa kason, jami'in da ya karɓi na goro ya rufe ido yana da nasa. Wajibi ne ƙungiyoyin injiniyoyi su tsaya wa ɗansu da aka kora saboda ya ƙi sa hannu, jami'o'i kuma su koyar da amana da irin muhimmancin da suke koyar da lissafi. Mu ma masu ba da aiki, idan injiniya ya ce sai an gwada ƙasa kafin a haƙa fandisho, ko ya ce kada a cire katakon dakin yanzu, mu daina ɗaukarsa mai son ɓata mana kuɗi.

Amma rabon laifi tsakanin mutane da yawa ba ya rage kason wanda ya fi kowa sani. Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu da ke karatun injiniyanci a Zariya, Kano, Bauchi ko Yamai, ina roƙonku ku riƙe wannan tun kafin ku karɓi kwangilar farko: mai aiki yana da haƙƙin ƙwarewarku, da lokacinku, da riƙe sirrin kasuwancinsa, amma ba shi da haƙƙin sayen shaidarku a kan rayukan bayin Allah. Ranar da aka miƙo muku takardar da kuka san ƙarya ce, ku ƙi sa hannu, ku rubuta dalilinku, ku kai maganar inda za a iya tsayar da aikin.